Ciwon kan da ƙwaya ba ta kashewa: kafin a sake turo kuɗin magani gida, a fara biyan kuɗin bincike

A gidaje da yawa na Tasawa da Mayahi akwai mutum guda da kowa ya san shi da ciwon kai. Wani lokaci uwa ce, wani lokaci ƙanwa, ko magidancin da ya daina zuwa gona. Kai ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, kunne na ƙugi daidai da bugun zuciya, jiri na ɗibarsa idan ya waiga, ga wani abu kamar ƙayar kifi a maƙogwaro da ya ƙi wucewa. An sha maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi ƙaho, an yi rubutu an sha. Ɗan da ke ci-rani a Kano, Agadas, Aljeriya ko Libiya yana turo kuɗi ta Nita ko Al Izza duk ƙarshen wata, kuɗin kuma na ƙarewa a teburin mai sayar da ƙwaya a kasuwa. Bayan shekara biyu ko uku sai a fara cewa iska ce, ko kuma a ce mai ciwon ne ke da raki.

Cikin abubuwan da kan jawo irin wannan hali akwai wata larura da ba kasafai ake jin sunanta ba. A ƙarƙashin ƙoƙon kai, dab da kunne, kowane mutum yana da wani siririn ƙashi mai kama da tsinke a dama da hagu, wanda likitoci ke kira sitailoyid. Tsawonsa bisa al'ada santimita 2.5 ne zuwa 3. Ga wasu mutane yakan zarce haka, ko kuma jijiyar da ta haɗa shi da ƙashin maƙogwaro ta sandare ta koma kamar ƙashi. Wani likitan kunne, hanci da maƙogwaro ɗan Amurka mai suna Watt Eagle, na Jami'ar Duke, shi ne ya yi cikakken bayanin larurar a 1937, shi ya sa ake kiranta cutar Eagle. Ana ƙiyasin cewa kusan mutum 4 cikin 100 ke da wannan ƙashi mai tsawo, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu yake damu. Mafi yawa za su rayu har su mutu ba su san da shi ba.

Waɗanda yake damu, yana damunsu ne gwargwadon abin da ya taɓa. Idan jijiyoyin ji ya zungura, sai a sami ciwon maƙogwaro na gefe guda, zafi wajen haɗiya, da ciwon da ke harbawa zuwa kunne ko muƙamuƙi. Idan ya danne jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, juya wuya kaɗai na iya kawo suma ko alamun shanyewar ɓarin jiki. Nau'i na uku shi ne wanda likitoci suka fi mayar da hankali a kansa a 'yan shekarun nan, musamman bayan rahoton da Paolo Zamboni da abokan aikinsa na Jami'ar Ferrara ta Italiya suka fitar a 2019. A nan ƙashin yana matse babbar jijiyar wuya da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya, tsakaninsa da ƙashin wuya na farko. Jini yana shiga kai yadda ya saba, fitarsa ce ke wahala, kamar magudanar ruwa da aka taka da ƙafa. Daga nan ne nauyin kai, ƙugin kunne, dishi-dishin gani, rashin barci da mantuwa ke fitowa.

Mai karatu na iya cewa, a jihar da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci duk damina, tamowa kuma na kwantar da yara, me zai sa a ɓata lokaci kan ciwon da ba a cika samu ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ma ya kamata a fara da ita. Cikin masu ciwon kai na dogon lokaci a Tasawa ko Mayahi, mafi yawa abin da ke damunsu hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba, ko ƙarancin jini, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko matsalar ido, ko ciwon ɓarin kai, ko kuma yawan shan maganin ciwon kan da kansa, wanda ke dawo da ciwon da zarar ya saki jiki. Duk waɗannan ana iya gano su da arha. Darasin cutar Eagle shi ne cewa ciwon da ya ƙi jin magani yana buƙatar a gano sunansa, kuma sauya ƙwaya ba ta gano sunan ciwo. Wannan darasi ya shafi mai hawan jini kamar yadda ya shafi mai dogon ƙashi.

Matasan birni da 'yan ci-rani suna da hannu a wannan matsala ta fuska biyu. Ta farko, su ne masu biya. Tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon mata masu juna biyu, amma babba mai ciwon kai shi da aljihun danginsa ne. Jaka biyar yau, jaka goma gobe, cikin shekara guda an kashe abin da zai isa a kai mutum Maradi a duba shi, ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba. Ta biyu, su ne masu waya a hannu. Wanda ya karanta alamun cutar Eagle a intanet cikin dare, da safe ya aika saƙon murya ta WhatsApp yana cewa ya gano ciwon Inna, ya yi kuskure irin na wanda ya ce iska ce, domin dukansu biyu sun yanke hukunci ba tare da an duba mai ciwon ba.

Hanyar da ta dace tana da tsari, kuma tsarin kiwon lafiyar ƙasar ya riga ya shata ta. A fara daga cibiyar lafiya ta gari, wurin manjo: a auna jini, a yi gwajin zazzaɓi, a duba ƙarfin jini, baki da kunne. Idan ba a ga komai ba kuma ciwo na nan, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi, daga can zuwa Maradi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Irin wannan likita kan taɓa wajen da hakin wuya yake da yatsa. Idan ƙashin ya yi tsawo sosai yana iya jin tsininsa, mai ciwon kuma ya ce nan ne. Hoton haƙora mai nuna muƙamuƙi gaba ɗaya na iya nuna tsawon ƙashin. Amma tabbatar da cewa yana danne jijiyar jini sai da na'urar sikana, tare da allurar da ke haska hanyoyin jini, wannan kuwa sai manyan asibitoci, irin Babban Asibitin Ƙwararru na Yamai ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Daga Tasawa zuwa Maradi kaɗai tafiya ce ta sama da kilomita 100. Kuɗin mota, masauki, ɗan rakiya da hoto su ne abin da ya kamata dangi su haɗa tun farko, a wuri guda, da sunan bincike.

Akwai kuma taimakon da ba ya cin ko dala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma tsohuwar da ta yi shekara uku tana fama takan tsaya gaban likita ta ce kawai kaina ke ciwo. Jika ko ƙanin da ya yi boko zai iya rubuta mata a takarda: yaushe ciwon ya fara, wane gefe ne, yana ƙaruwa idan ta kwanta ko ta sunkuya ko ta waiga, ƙugin kunnen yana bin bugun zuciya ko a'a, waɗanne magunguna ta sha kuma na tsawon wane lokaci. A tafi da kwalayen magungunan ma. Takarda guda irin wannan tana rage wa likita lalube.

Kafin a kai ga ganin likitan, akwai abubuwan da ke rage wahala. A lura da irin juyin wuyan da ke tayar da ciwon a guje masa. A ɗaga wajen kai kaɗan lokacin kwanciya. A sauke wa mai ciwon ɗaukar ruwa da itace a ka, da dakan gero, wanda ke nufin wani a gidan ya karɓi aikin. Abubuwa uku kuma a nisance su. Tiramol na kasuwa yana dusashe zafi na 'yan sa'o'i, ya bar mutum da jaraba, wani lokaci har da farfaɗiya. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diklofenak, idan aka daɗe ana sha kullum, suna cinye ciki su lalata ƙoda. Sannan kada a bar kowa ya murɗe wuya don ya yi ƙara, kada kuma a kai wa wanzami ya yanke beli da sunan cire abin da ya tokare maƙogwaro. Ƙashin yana can ciki, kusa da manyan jijiyoyin jini, aska ba ta isa gare shi sai dai ta jawo zubar jini. Idan kuwa ciwon kai ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya irin na sanƙarau, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, gani ya ɗauke, babu jiran takarda ko jiran kuɗin waje: asibiti nan take.

Ko an tabbatar da cutar, tiyata ba dole ba ce ga kowa. Likitoci kan fara da magungunan ciwon jijiya ko allura a wajen da ke zafi. Idan suka gaza, ana rage tsawon ƙashin ta cikin baki ko ta gefen wuya, mutane da yawa kuma suna samun sauƙi. Sai dai game da nau'in da ke danne jijiyar dawo da jini, su kansu ƙwararru ba su gama daidaita baki ba, domin ana ganin matsewar a hoton mutanen da lafiyarsu ƙalau, kuma ba kowa ne ke warkewa bayan aiki ba. Duk wanda ya yi wa dangi alkawarin waraka tabbas idan aka biya kuɗin fita waje, a nemi ra'ayin likita na biyu kafin a sayar da gona ko bisashe.

Hukumomin lafiya na jihar Maradi su ma suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana horar da likitoci a cikin jihar. Ana iya tsara ziyarar likitocin kunne da maƙogwaro zuwa asibitocin gunduma lokaci-lokaci, a kuma ba ma'aikatan cibiyoyin karkara ƙa'ida mai sauƙi: ciwon kan da ya wuce wata uku ba ya jin magani, a tura shi gaba, kada a sake rubuta ƙwayar da aka rubuta jiya. Ƙungiyoyin 'yan asalin Tasawa da Mayahi mazauna waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗin gina masallaci ko kai gawa gida, za su iya ware wani kaso don kuɗin mota da hoton marasa lafiya.

Ga wanda zai turo kuɗi ƙarshen wannan wata, tambaya ɗaya ta isa ya yi kafin ya je wurin aikawa: wa ya duba ta, kuma me ya ce yana damunta? Idan amsar ita ce ba wanda ya duba, to kuɗin na mota ne zuwa asibiti.