Raddi ga Masu Cewa a Tsare Mawaƙi da Zarar an Kai Ƙararsa

Ra'ayin da wannan raddi yake fuskanta shi ne cewa duk mawaƙi ko ɗan kama ko maroƙin da aka kai ƙararsa bisa zargin ya ci mutuncin wata ƙabila a filin wasa, wajibi ne 'yan sanda ko jandarmomi su tsare shi nan take, bincike ya biyo baya. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da garuruwa irin su Gaya ta jihar Dosso, wadda ke bakin kogin Kwara tana kallon Malanville ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a kusa da ita, inda Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Kyangawa suke cin kasuwa ɗaya. Damuwarsu ta gaskiya ce, amma hujjojinsu ba su kai ga hukuncin da suka ɗora a kansu ba.

Hujjarsu ta farko ita ce wanda aka zaga shi ya san zafin zagi, saboda haka ƙorafinsa kaɗai ya isa shaida. Amsa ita ce ɓacin rai dalili ne na a saurari mai ƙara, a rubuta ƙararsa, a girmama shi, amma ba shi ne laifin da doka ta ambata ba. Sashe na 102 na kundin hukunta laifuffuka na Nijar ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 a kan nuna wariyar launin fata ko ƙabila da farfagandar ɓangaranci, irin wadda za ta iya tayar da 'yan ƙasa a kan junansu, wato abin da ake auna shi ne haɗarin maganar ga zaman jama'a. Wannan awo kuwa ba ya yiwuwa sai an san al'adar wurin, domin akwai taubasantaka, wadda ita ce wasan da ke halatta wa wasu al'ummu biyu su tsokani juna ba tare da riƙo ba, kamar Zabarmawa da Gobirawa, ko Fulani da Arawa, ko Fulani da Barebari, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014. A gidan biki ana iya ganin maroƙi Bagobiri ya durƙusa gaban attajiri Bazabarme, makaɗin kalangu yana bayansa, ya kira shi bawansa a bainar jama'a, attajirin ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya manna masa jaka guda a goshi. In wani ya yanki daƙiƙa 30 na wannan wasa da wayarsa, ya tura ta WhatsApp ga wanda bai halarci bikin ba, abin da zai isa ofishin 'yan sanda zagi ne tsirara, an cire dariyar, an cire kyautar. Jami'in da ya yi kamu a kan wannan guntu ya hukunta al'adar da ke kashe wutar gaba.

A nan ya kamata a ba masu wancan ra'ayi gaskiyarsu a wuri ɗaya. Zambo, wato waƙar muzanta mutum da ambaton aibinsa, yana iya fita daga wasa ya zama cuta, musamman idan aka jefi wani gida da asalin bauta alhali babu wasa tsakanin mai faɗa da wanda aka faɗa wa, kuma irin wannan rauni yakan bi 'ya'ya har wurin neman aure. Wannan ƙara ce da ta cancanci bincike sosai, sai dai bincike daban, kamu daban.

Hujja ta biyu ita ce rigakafi ya fi magani, kuma sukan ambaci Ruwanda, inda waƙoƙi suka taimaka wajen hura ƙiyayya kafin kisan ƙare dangi na 1994. Misalin ba ya goyon bayansu. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta yanke wa mawaƙi Simon Bikindi ɗaurin shekara 15 a 2008, kuma laifin da ta kama shi da shi shi ne kiran da ya yi da lasifika a kan hanya cikin watan Yunin 1994, yana umartar a kashe 'yan Tutsi, wato ta bambance tsakanin magana mai muni da tunzurawa kai tsaye. Irin wannan bambancewa ce ke cikin Tsarin Rabat na 2012, ma'aunin da masana suka fitar ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nemi a duba abubuwa 6: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai magana, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, iyakar yaɗuwarta, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Babu ɗaya daga cikinsu da ake iya tabbatarwa daga bakin mai ƙara shi kaɗai.

Hujja ta uku ita ce tsarewar ta ɗan lokaci ce, tana sanyaya zukata, tana kuma kare mawaƙin daga fushin jama'a. Amsa ita ce wanda ake jin tsoron a far masa, tsaro ake ba shi, ba a rubuta sunansa cikin waɗanda ake tuhuma. Kuma kwana biyu a tsare ba ƙaramin abu ba ne ga wanda abincinsa ke bakinsa, domin masu biki sukan janye gayyata tun kafin alƙali ya ce uffan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ƙofar da aka buɗe don kare ƙabila ba ta tsayawa a nan, masu iko ne kan fi kowa shiga ta cikinta. An tsare mawaƙiya Hamsu Garba a gidan yarin Yamai a farkon 2016, ana dab da zaɓe, saboda goyon bayan da ta nuna wa ɗan adawa Hama Amadu, kamar yadda aka kama mawaƙi Aminu Ala a Kano a 2009 a kan waƙar da aka ce ba ta bi ta hukumar tace fina-finai ba.

Hanyar da ta dace tana nan cikin dokar ƙasa da al'adar gari. Jami'i ya karɓi ƙara, ya nemi cikakken faifan wasan, ya ji daga bakin mai biki da waɗanda suka halarta, ya gayyaci mawaƙin da takardar sammaci, sannan ya miƙa abin da ya samu ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, wanda shi ke da ikon cewa a gurfanar ko a bari. Inda abin bai wuce ɓatanci tsakanin gidaje ba, dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta jama'arsu, kuma haƙurin da maroƙi zai bayar a fada gaban dattawan ɓangarorin biyu ya fi wanke zuciyar wanda aka ɓata wa. Wanda kuwa aka tabbatar ya hau dandali ya kira mutane su far wa wata al'umma, a kama shi a ranar, a kai shi gaban alƙali. Kira ga jami'an tsaro na Gaya da takwarorinsu na Malanville da Kamba shi ne kada su sa wa mai waƙa ankwa sai sun saurari waƙar tun daga farkonta har ƙarshenta.