Rukayat Shittu da Ƙuri'u 564

Yau ina so mu dubi labarin wata 'yar majalisar dokokin Jihar Kwara, Malama Rukayat Shittu, mu ga yadda aka yi ta hau kujerar da maza suka daɗe suna ganin tasu ce.

An haife ta a 1996. Ta yi karatu a jami'ar nan ta karatu daga gida, watau NOUN, inda ta shugabanci majalisar ɗalibai, sa'an nan ta taɓa aikin jarida. Ranar 18 ga Maris 2023 ta tsaya takara a mazaɓar Owode/Onire, cikin ƙaramar hukumar Asa, a ƙarƙashin jam'iyyar APC. Ta sami ƙuri'a 7,521, abokin karawarta na PDP kuwa ya sami 6,957. A lokacin tana da shekara 26.

To, ku 'yan makaranta ku ɗebe wannan daga wancan. Bambancin ƙuri'a 564 ne kacal. Da matan 'yan unguwanni kaɗan sun ce rana ta yi zafi, ko tuwon dare bai sauka ba, suka zauna gida, da yanzu ba mu san sunanta ba.

Amma kada mu ruɗi kanmu mu ce ƙwazonta kaɗai ya kai ta. Da a zaɓen 2015 ne, mai shekarunta ko takardar tsayawa ba za a ba ta ba, domin a wancan lokacin sai mutum ya cika shekara 30. A watan Mayu 2018 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya mai da shi 25. Bayan haka jam'iyyarta ce ke riƙe da Kwara tun 2019, kuma kowa ya san wanda jam'iyya mai mulki ta tsayar ya yi rabin tafiya. A ganina babban yaƙinta shi ne samun tikitin nan, domin a nan ne mata suka fi faɗuwa, wurin kuɗin fom da tarurrukan dare waɗanda matar aure ba ta iya zuwa.

Wata za ta ce, ina ruwana da majalisar jiha? Haba 'yar'uwa! Su ne fa ke amincewa da kasafin kuɗin jiha. Maganin asibitin da kike zuwa awon ciki, da kujerun ajin 'yarki, duk sai sun bi ta hannunsu. A zaɓen 2023 ɗin nan majalisar Kano mai kujera 40 ba ta sami mace ko ɗaya ba, haka Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara. Abin da mamaki, ko da yake mu tuna matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha.

Wa'adin majalisar da aka zaɓa a 2023 shekara huɗu ne, zai ƙare a 2027. Mutanen Owode/Onire kuwa ba ƙuruciyarta za su duba ba in an zo lissafi, za su tambayi hanya da ruwan sha da makaranta, kamar yadda za su tambayi kowane namiji.