RA'AYINMU: Masu Ɗaukar Hoto a Filin Idi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya halarci sallar Idi a Amarawa ko cikin garin Illela a 'yan shekarun nan ya ga abin da muka gani. A da, mai hoto yakan tsaya bakin fili da kyamararsa, ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya kira shi ya biya. Yau kuwa kowane saurayi da waya a hannu. Liman na huɗuba, su sun ba shi baya suna kewaya sahun mata. Kafin jama'a su watse, fuskar matar wani ko 'yarsa ta hau Facebook da TikTok, ana kallonta a Birnin Ƙonni da Sakkwato, ita ba ta ma sani ba.

Mun san saɓanin malamai kan hoto. Sheikh Abdul'aziz bin Baz ya hana shi sai bisa larura, kamar na fasfo. Sheikh Usaimin kuwa yana ganin hukuncin hoton kyamara na bin manufarsa ne. To amma ko bisa ra'ayi mai sauƙi, ina manufa ta halal a ɗaukar baiwar Allah ba da izininta ba? Aya ta 30 a Suratun Nur ta umurci muminai maza da runtse gani, su kuwa waɗannan sun adana kallon suna raba wa duniya.

Abin da ya fi damunmu shi ne sunnar da ake neman kashewa. Hadisin Ummu Aɗiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna Annabi (SAW) ya yi umurni mata su fita Idi, har da 'yan mata da masu haila. Shekaru masu wa'azi suka yi suna lallashin magidanta kafin su yarda. Yanzu magidanci na cewa iyalinsa su zauna gida, kuma wallahi da wuya mu zarge shi.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin Idi da su tsayar da 'yan agaji tsakanin sahun maza da na mata, limamai kuma su yi gargaɗi tun huɗubar Juma'ar da ta gabaci Sallah. Mai son hoton iyalinsa ya jira a koma gida.