Wutar Karkara: Yadda Manoman Amurka Suka Yi, Da Abin Da Muke Nema Daga Ɓangarenmu



Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san abin da ke biyo bayan kaɗawar gangar siyasa. Za a fara ganin motoci suna shiga ƙauyuka ɗauke da taransifoma, an lulluɓe ta da ƙyalle mai hoton ɗan takara, maroƙa na gaba, mu matasa muna baya muna tafi. A sauke ta a bakin kasuwa, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook. Wata taransifomar har a gama zaɓe ba a haɗa ta da layi ba. Wadda aka haɗa kuwa, ranar da ta ƙone sai masu unguwa su bi gida-gida ana karo-karo, a sayi mai, a sayi waya, a biya masu gyara. Bayan an gama duk wannan wahalar, kayan ba su zama na mutanen garin ba, kuma ba wanda zai tambaye su ra'ayi kan bil ɗin da za a kawo musu.

Abin da muke son faɗa a yau ɗaya ne. Talakan karkara ya riga ya saba biyan kuɗin wuta sau biyu, ya biya na kaya ya biya na bil. Abin da ya rage shi ne ya mallaki abin da yake biya, ya kuma zaɓi masu riƙe masa shi. Matashin da yake son a riƙa jin maganarsa a jam'iyya, to ga ƙofar da zai bi. Kuma don kada a ce mafarki muke yi, bari mu duba inda aka yi aka gani.

A farkon shekarun 1930, a Amurka, kusan gida tara cikin goma na birni suna da lantarki, amma a gonaki da ƙyar ake samun ɗaya cikin goma. Kamfanonin wuta na 'yan kasuwa sun ce ba riba a ja layi mai nisa saboda gidaje ƙalilan, wato dai irin maganar da muke ji yau. A watan Mayun 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar wutar karkara, a 1936 majalisa ta yi mata doka. Gwamnati ba ta raba wuta kyauta ba. Bashi ta bayar mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Da kamfanoni suka noƙe, sai manoman da kansu suka kafa ƙungiyoyin gama kai, kowa ya zuba dala 5 kuɗin shiga, a lokacin da dala 5 take da wuyar samu. Suka bi maƙwabta gona-gona suna neman sa hannu, suka ba da filin da za a kafa turaku, suka karɓi bashin da sunan ƙungiya. Kafin tsakiyar shekarun 1950, sama da gona tara cikin goma ta samu wuta.

Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi kusan 900 a Amurka, suna ba mutum kimanin miliyan 42 wuta a jihohi 48, kuma tun 1942 suke da uwar ƙungiya ta ƙasa mai suna NRECA. Dokarsu mai sauƙi ce: duk wanda yake da mita mamba ne, kuma mai gida ne. Ƙuri'a ɗaya gare shi, ko gidansa fitila biyu ne ko kuwa yana da injin casar hatsi. Kowace shekara ana taron mambobi, a karanta lissafi, a zaɓi 'yan kwamitin gudanarwa daga cikinsu.

Hidimar da suke wa mambobi ita ce ta riƙe su har yau. Tunda ƙungiyar ba ta neman riba, rarar da ta saura bayan an cire kuɗin aiki ana rubuta wa kowane mamba rabonsa gwargwadon wutar da ya sha, bayan wasu shekaru a mayar masa. Abin da suke mayarwa a dunƙule ya haura dala biliyan 1 a shekara. Ku tsaya ku yi tunani: mai kawo maka bil shi ne yake dawo maka da canji. A 1989 wata ƙungiya mai suna Palmetto a jihar Karolina ta Kudu ta ɓullo da wata dabara, wanda ya yarda sai a cike masa bil ɗinsa zuwa dala cikakkiya, 'yan canjin su taru a asusun taimakon marasa lafiya da makarantu da waɗanda gobara ta shafa. Ɗaruruwan ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Wasu kuma da suka ga kamfanonin sadarwa sun ƙi zuwa ƙauye, sai suka ja wayar intanet a kan turakunsu. Mu da muka san adashi da gayya da asusun masallaci, wane abu ne baƙo gare mu a nan?

Sai batun matasa, wanda shi ya fi shafar mu. Lyndon Johnson yana da shekara 28 ya shiga majalisar wakilan Amurka a 1937, kuma aikin da ya fara yin suna da shi shi ne tsayawa sai da manoman mazaɓarsa a Texas suka samu bashin kafa ƙungiyar Pedernales. A 1957, yana sanata, ya shawarci ƙungiyoyin da su riƙa tura yaransu Washinton su ga yadda gwamnati ke aiki da idonsu. Daga 1964 abin ya zama shiri na ƙasa. Kowane watan Yuni ɗaliban sakandare sama da dubu ɗaya daga ƙauyuka suna yin mako guda a babban birnin, su zauna da 'yan majalisar yankunansu su yi musu tambayoyi. Ƙungiyar garinsu ce take biyan komai, kuma galibi da gasar rubutu ko ganawa ake zaɓarsu. Yaron da aka kai gaban sanata yana ɗan shekara 17 ya yi masa tambaya ido da ido, ba zai girma ya zama ɗan jagaliya ba. Mu kuwa fa? Mota ake cika mu a kai mu filin taro, a ba mu hula da riga da na shan ruwa, a dawo da mu. An kai mu gaban manya sau nawa, amma don mu yi ihu.

A fagen siyasa ma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun 1966 suke da asusun siyasa da mambobi da ma'aikata ke zubawa da son ransu, kuma suna mara wa 'yan takara baya daga manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Ma'auninsu ɗaya ne: ina ka tsaya kan wutar karkara? A ƙarshen 1972 gwamnatin Shugaba Nixon ta sanar da dakatar da bashin nan mai sauƙi. Shugabannin ƙungiyoyin suka yi dafifi zuwa Washinton, kowa ya nufi ofishin ɗan majalisarsa, kuma a watan Mayun 1973 Nixon ɗin da kansa ya sa hannu kan dokar da ta dawo da shirin a sabon tsari. A 2016 suka fara gangamin tura mutanen karkara yin rajista da fita zaɓe ba tare da cewa a zaɓi wane ba. A 2022 majalisa ta ware musu dala biliyan 9.7 don sabunta hanyoyin samar da wuta. Ɗan majalisa yana sauraronsu ne saboda ya san suna da rajistar mambobi, suna da taron shekara, kuma suna tuna wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Kada wani ya ɗauka aljanna ce. A ƙungiyoyi da yawa mambobi sun yi sakaci da fitowa zaɓen kwamiti, sai wasu tsiraru suka manne wa kujeru shekara da shekaru. Ita kanta Pedernales ɗin Johnson ta faɗa wannan rami, har sai da mambobi suka kai shugabanninta kotu a 2007 kan yadda ake kashe kuɗi, manyan suka sauka, aka buɗe zaɓen ga kowa. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: in mamba ya yi barci za a cinye shi ko a ina ne, amma in ya farka yana da hurumin tsige shugaba, tunda kayansa ne. Kuma tsarin bai tsaya a ƙasar masu kuɗi ba. Bangaladash ta ɗauke shi tun ƙarshen shekarun 1970, yanzu ƙungiyoyi 80 ne suke raba wuta a karkararta.

To mu dawo gida. Tun Nuwamban 2013 aka fara miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. A lissafin Bankin Duniya, 'yan Nijeriya sama da miliyan 80 ba su da lantarki, kuma kowa ya san kaso mai yawa yana karkarar Arewa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, da alƙawarin awa 20 a rana. Duk ɗan kasuwa zai fi kai kayansa inda aka fi biya, don haka ƙauye ya ƙara komawa ƙarshen layi. A Oktoban 2024 kuma mun ga yadda jihohin Arewa da dama suka kwashe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, tela, mai cajin waya, kowa ya ji a jikinsa.

Amma doka ta canza, kuma da yawanmu ba mu lura ba. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon samar da wuta da rarraba ta, a watan Yunin shekarar kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lantarki. Hukumar NERC tana da ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta na gari guda, irin na sola. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin wannan aiki ta hannun Hukumar Wutar Karkara, wato REA. Kuɗi da doka sun samu. Tambayar ita ce, in tashar sola ta zo garinku, wa zai zauna da kamfanin a yanka farashi? Wa zai riƙe takardar yarjejeniya? In ba ƙungiya mai rajista, to mutum biyu ko uku ne za su sa hannu da sunan gari, sauran ku ji a salansa.

Saboda haka ga abin da muke nema daga jagororin ɓangarenmu, da girmamawa, amma a fili.

Na farko, duk mai neman tikitin majalisar jiha ko na gwamna a ƙarƙashinmu ya rubuta matsayinsa kan dokar lantarki ta jiha, kuma dokar ta amince wa ƙungiyar gama kai ta mallaki ƙaramar tasha ko layin garinta, ta kuma karɓi bashi mai sauƙi.

Na biyu, ɗan siyasar da ya kawo taransifoma ko sola ya miƙa ta ga ƙungiyar gari mai rajista, da takarda, a gaban hakimi ko dagaci, tare da bayanin wanda zai ɗauki nauyin gyara.

Na uku, kowane shugaban matasa na mazaɓa ya ɗauki gari ɗaya a bana. A ƙirga gidaje da shaguna da injinan niƙa da na ban ruwa, a rubuta abin da kowa ke kashewa kan fetur da gas da caji a wata, a je ofishin gama kai na ƙaramar hukuma a yi rajista. Kuɗin shiga ya zama wanda mai sayar da ƙosai za ta iya biya, kuma ƙuri'arta daidai da ta Alhaji mai gidan ƙanƙara.

Na huɗu, a ware wa matasa da mata kujeru a kwamiti, a riƙa manna lissafin kuɗi a inda kowa zai gani duk wata uku. A tura yara koyon haɗa sola da gyaran layi, a kuma riƙa kai ɗaliban sakandare majalisar jiha sau ɗaya a shekara su ga zama, su tambayi wakilinsu.

Akwai sharaɗi ɗaya da muka san ba zai yi wa wasu 'yan uwanmu daɗi ba. Ƙungiyar wuta kada a liƙa mata tutar jam'iyya, har da tamu. Ɗan adawa ya shiga, ɗan ɗaya ɓangaren ya shiga, in mambobi sun zaɓe shi ma'aji a ba shi littafi. Wani zai ce, to mu yi wahala wani ya ci moriya? Amsa ita ce, mun sha ganin ƙungiyoyin da aka kafa don kamfe, ana rantsar da gwamnati suke mutuwa, in kuma aka faɗi zaɓe tun a daren suke watsewa. Wayar wuta ba ta tambayar katin jam'iyya kafin ta shiga gida, kuma rabin gari ba zai iya biyan bashin tasha shi kaɗai ba. Ribarmu ta siyasa tana nan ba inda za ta je: mutane sun san wanda ya yi ta zirga-zirga har wuta ta kama. Matashin da ya riƙe littafin mutum 500 shekara uku ba a nemi ko kwabo an rasa ba, ranar da ya ce yana neman kansila ba ya buƙatar a ɗaga masa hannu daga Abuja. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta buɗe mana ƙofa, amma ba ta ba mu jama'a ba. Jama'a aiki ke kawo su.

Ga iyayenmu na jam'iyya, wannan ba tawaye ba ne, kuma biyayyarmu tana nan. Muna dai cewa matashin da yake da abin karewa a garinsu ya fi amfani ga tafiya fiye da wanda ake haya ranar taro. Ga 'yan uwa matasa kuma, a taron mazaɓa mai zuwa kowa ya zo da sunan garin da ya ɗauka da adadin gidajen da ya ƙirga. Wanda ya zo da hula kawai, za mu gaisa, amma ba za mu ba shi makirfo ba.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin maganar talaka, Ya kuma ba mu juriyar yin aikin da ke gabanmu. Amin.