Hakkin Majinyaci a Kan Baitulmali

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a watan Afrilun 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka hallara a Abuja, suka ɗauki alkawarin cewa kowace ƙasa za ta riƙa ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta domin kiwon lafiya. A gidanmu aka yi taron, amma fiye da shekara 20 ke nan Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. A mafi yawan shekaru abin da take warewa bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba. Saboda haka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa wajen neman magani a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa, wato daga kuɗin akuyar da aka sayar, ko gonar da aka jinginar.

Sakamakon wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa fiye da rubu'in matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. Haka kuma kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙasar nan suke. Mafi yawan waɗannan rayuka kuwa abubuwa masu araha ne ke ceto su da izinin Allah: ungozoma mai horo, jinin ƙari, gidan sauro, da motar da za ta kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Wannan hali yana da asali. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rungumi shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Darajar naira ta faɗi, kuɗin asibitoci ya ragu, aka ɗora wa marasa lafiya biyan kuɗin kati da gado da magani. Sai ya zamana likita ya rubuta takarda, a ce da dangi su tafi kemis su sayo komai, har auduga da safar hannu. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, a wata mai bi masa aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Da yake yawancin magungunanmu ko sinadaransu daga waje ake shigo da su, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, kuma zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashin kaya ta haura kashi 34 cikin 100.

Idan aka yi kuka sai a ce babu kuɗi. To ina kuɗin suke tafiya? Bankin Duniya da kansa ya bayyana cewa a 2022 fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya wajen biyan bashi da ruwansa suka tafi. Mun daɗe muna karantar da haramcin riba a tsakanin ɗaiɗaikun mutane. Ga ta nan a matakin ƙasa tana cinye rabon marayu da majinyata. Ban da wannan, masu mulki ba sa kwanciya a asibitocin da suka bari suka lalace. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin ya shafe fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Ingila. Wanda ba ya shan ruwan rijiya ba zai damu da yashe ta ba.

Mene ne matsayin Musulunci? Malaman usulu sun tabbatar da cewa kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Dukiyar baitulmali kuma amana ce a hannun shugaba, masu rauni su ne suka fi cancantar ta. Magabata sun aikata wannan a zahiri. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da matalauci ba tare da biya ba. A ƙasarmu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗora wa talakawa haraji na zalunci cikin aibobin sarakunan zamaninsa, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Wanda ya ce maganar asibiti da kasafin kuɗi ba ta shafi masu da'awa ba, bai fahimci tajdidin da muke ikirarin gada ba.

Wasu kan ce ai cuta da mutuwa ƙaddara ce. Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Ƙaddara ba ta wanke jami'in da ya karkatar da kuɗin magani. Wasu kuma kan ce zakka da waƙafi sun wadatar. Lalle muna kira ga mawadata su fitar da zakka, su kafa waƙafin asibitoci, amma sadakar attajiri ba ta sauke wajibin da ke wuyan mai riƙe da dukiyar jama'a.

Abin da ya rage shi ne mu gyara ma'aunin da muke auna 'yan siyasa da shi. An saba a sayi bakinmu da kujerar Hajji, da buhun shinkafa a watan azumi, da fentin masallaci, alhali ɗakin haihuwar garin ba shi da ruwa ba shi da wuta. Tarihinmu ya nuna siyasa tana iya zama ta talaka: gwamnatocin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano a jihohin Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, saboda talakawa sun san abin da suke nema sun kuma tsaya a kansa.

Dokokin ma suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Doka a takarda ba ta warkar da kowa sai an sami masu bin sawunta.

Don haka muna kira ga rassanmu da abubuwa uku. Na farko, kowane reshe ya tura amintattun mutane cikin kwamitin da ke sa ido a kan ƙaramin asibitin mazaɓarsa, su san nawa ya shigo da yadda aka kashe shi. Na biyu, limamai su riƙa bayyana hakkin majinyaci a huɗuba, su ƙarfafa zuwa awon ciki da rigakafin yara, da tura 'ya'yanmu mata karatun likita da ungozoma, domin matanmu su sami 'yan'uwansu mata masu duba su. Na uku, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a bainar jama'a kaso nawa zai ware wa lafiya, a rubuta amsarsa, a tuna masa da ita. A wannan fafutuka mu haɗa hannu da maƙwabtanmu Kirista da ƙungiyoyin ma'aikata, domin layin asibiti ɗaya muke bi da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu shugabanni masu tsoron ranar hisabi.