Allurar amosani da ta shiga ɗakin masu korona

Yau labarin kawuna zan ba ku, mai shagon atamfa a nan unguwarmu ta Briqueterie.

A Satumban 2021 korona ta kwantar da shi, har aka sa masa iskar oksijin a wani asibiti cikin Yawunde. Ɗansa da ke saro kaya a Dubai ya bugo mini waya, hankali a tashe: "Yaya, an ce akwai wata allura, tocilizumab. Ko nawa ce zan saya in aiko!"

Ba ƙarya ya ji ba. Asalinta maganin amosanin gaɓɓai ce, kamfanin Roche ke sayar da ita da sunan Actemra. To me ya haɗa ta da korona? A wasu majinyata garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, ta kumbura huhu. Ita allurar tana toshe aikin wani sinadari mai suna IL-6 da ke rura kumburin. A gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, kan mutum 4,116, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa suka rasu, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 35. A Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a haɗa ta da irin su dexamethasone ga waɗanda ciwon ya yi wa tsanani.

Da na kai wa likita maganar, tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji na da wani ciwon?" Matar kawu ta sunkuyar da kai. Ashe wata uku ke nan yana shan maganin tarin tibi, sun ɓoye don kunya. Likita ya ce allurar danne garkuwa take yi, ga mai tibi kuwa za ta iya buɗe wa cutar ƙofa. Da oksijin da dexamethasone aka ci gaba, Allah cikin ikonsa kawu ya tashi.

'Yan uwa matafiya, mun saba aiko komai ta hannun direba. Wannan sai a firiji take zama, ta jijiya ake ba da ita, a gadon asibiti. In kun kai mara lafiya, ku faɗa wa likita komai: tibi, ciwon hanta, duk maganin da yake sha.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.