Doki Ba Linzami: Ƙaryar "Ƙara Ƙarfin Garkuwar Jiki"

Tun zamanin annobar korona, "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" ya zama jarin masu tallan magani, daga mai lasifika a bakin kasuwa har mai shafi a Facebook. Abin takaici, har da masu digiri a layin saye. Tallan ya ginu a kan zaton cewa garkuwa kamar katanga ce, iya tsayinta iya amfaninta. Ilimin ƙwayoyin gado ya daɗe da rushe wannan zato.

A 1984 Michael Greenberg da Edward Ziff suka nuna cewa ƙwayar gadon c-fos tana farkawa cikin mintuna bayan an zaburar da ƙwayar halitta. Ire-irenta ba sa jiran a ƙera sabon furotin kafin su kama aiki. Da zarar farar ƙwayar jini ta sansano cuta, irin wannan ayari ne ke fara tashi, ciki har da mai samar da TNF, sinadarin da ke rura wutar kumburi. A ayarin nan kuma ake samun masu kashe wutar. Furotin TTP yana kama saƙon da ake ƙera TNF da shi, ya sa a lalata shi. A20 kuwa yana toshe hanyar NF-κB, wadda ita ce ta tashe shi tun farko.

Da aka cire wa ɓeraye TTP a 1996, sai suka rame, gaɓoɓinsu suka kumbura. Waɗanda aka cire wa A20 a 2000 kumburi ya kashe su da ƙuruciya. A Landan, a 2006, an gwada wa mutum shida masu ƙoshin lafiya TGN1412, maganin da ke zaburar da garkuwa; dukkansu sai da aka kai su sashen kulawar gaggawa. A 2020 kuma, dexamethasone, mai danne garkuwa, shi ne ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Saboda haka mai tallan nan yana tsakanin biyu. In maganinsa yana yin abin da ya faɗa, haɗari yake sayarwa. In ba ya yi, damfara ce. Illar ta wuce asarar kuɗi, domin wanda ya dogara da kwalba yakan yi sakaci da allurar rigakafi, wadda ke koya wa jiki gane takamaiman maƙiyi. Jiki ya sa wa dokinsa linzami tun kafin sukuwa, kuma duk mai kiran a cire shi bai san doki ba.